Ƙarfen Dakan Kanwa

Hajiya Habibatu ta tsufa tana karɓar haihuwa a wani asibiti a Manchester, kuma duk unguwarsu ta Longsight an san ba a aron kayan girkinta. Balle wani guntun ƙarfe mai nauyi da take dakan kanwa da shi. Na mahaifiyarta ne. Ranar rabon gado a Jibiya, 'yan'uwa suna rububin zannuwa, ita shi kaɗai ta ɗauka.

Da 'yarta Jannat ta haihu a Birmingham, Hajiya ta tafi yi mata wankan jego, ƙarfen na cikin jaka, don mai jego ba ta rabuwa da kunun kanwa. Mijin Jannat kuwa, Sa'id, injiniya ne mai bin diddigin tsiya, ko cokali ya gani sai ya duba bayansa. Ya ɗauki hoton ƙarfen ya nuna wa wani tsohon Bature maƙwabcinsu, wanda ya yi aikin ƙera bindigogi.

Bayan la'asar Sa'id ya zo ya durƙusa gaban Hajiya.

"Mama, wannan fa bolt ne, ƙarfen da ke tura harsashi a cikin bindiga. MAS-38 sunanta, mai ɓarin wuta ce ta Faransa. Sojojinsu sun yi yaƙi da ita a Indochina, wajen Vietnam, yanzu ba kowa ya san ta ba. Ajiye shi a ƙasar nan illegal ne, doka ta hana."

"Baba fatauci ya je," in ji Hajiya.

Haka aka gaya musu suna yara: mahaifinsu ya ƙetara Maradi da ƙuruciya, lokacin tana hannun Faransa, ya daɗe, ya dawo wa uwarsu da wannan ƙarfen. Amma wane farke ne ke rarrafawa ƙarƙashin rumbu in mafarauta sun harba bindiga? Ta gan shi da idonta, ba sau ɗaya ba. Ranta ya ɓaci, ta rasa wa za ta yi wa fushi, surukin ko mamacin.

Ta so ta ɓoye abinta. Sai dai gidan na Jannat ne, in aka gano, su za su kwana a ciki. Ta wanke ƙarfen, ta naɗe shi a ɗankwali, Sa'id ya raka ta ofishin 'yan sanda.

Wata 'yar sanda ta sa safar hannu kafin ta taɓa shi. Wannan ya yi wa Hajiya ciwo ƙwarai. Sannan 'yar sandar ta tambaya na wane ne asali.

Sa'id ya buɗe baki zai ce na mahaifinta ne, tsohon soja. Hajiya ta ɗaga masa hannu.

"Na uwata ne," ta ce.