Kujerar Delcho a Shagon Karnuka

Bai Ognyan, wato Baba Ognyan a yarenmu, wanzami ne ɗan wanzami, kuma a garinmu babu haɓar namijin da ba ta san askarsa ba. Shagonsa yana kusa da gidan waya, kujera ɗaya ce tal ta jar fata, sai madubin da tsufa ya ci gefensa. Ya yi tashe a zamaninsa, ranar Asabar har waje ake layi.

To, sai samari suka fara tafiya. Wannan Jamus, wancan Sifen, wani ma sai dai ka ji uwarsa na cewa yana nan lafiya. Aka bar gari da tsofaffi, su kuwa sanƙo ya riga ya gama da su. Me za ka aske a kan da ko ƙuda ya sauka sai ya zame? Ogi, kamar yadda tsararsa ke kiransa, ya koma wuni yana karanta jarida har da tallar magani.

Wata rana ruwan sama ya koro Zlatka cikin shagon, wadda ta dawo daga aikin jinyar tsofaffi a Sifen da wani ɗan farin kare. Gashi ya rufe wa karen ido, yana tafe yana karo da ƙafar kujera. Ogi ya kalle shi, ya kau da kai, ya sake kallo, hannunsa na ƙaiƙayi.

"Zlatka, wannan abin naki yana gani kuwa?"

"Da hanci yake gani, Bai Ogi."

"Ɗora min shi nan."

Kafin ruwa ya ɗauke kare ya fito da idanu biyu baƙaƙe, yana kallon duniya da mamaki. Ashe duk yaran da suka tafi sun bar wa iyayensu mata karnuka don ɗebe kewa, kuma duk karnukan nan sun zama tamkar tsumman goge ƙasa. Wata bai zagayo ba layi ya dawo ƙofar Ogi, sai dai wannan karon layin yana kaɗa wutsiya.

Mutumin bai yi aikin da wasa ba. Ya hau bas ya tafi birnin Plovdiv, ya zauna gaban wata yarinya sa'ar jikarsa, ta koya masa yadda ake yanke farcen kare ba a taɓa nama ba, da yadda ake warware gashin da ya dunƙule, da wanke kunne. Ya dawo da teburin ƙarfe da na'urar busar da gashi. An cije shi, an yage masa riga, wani ƙaton karen makiyaya ma ya taɓa zaunar da shi cikin bahon wanka. Duk da haka yana jin daɗin aikin, yakan ce kare bai taɓa yi masa zancen siyasa da kumfa a baki ba.

Mutanen gari kuwa, bar su da baki. A gidan kofi, da Ogi ya shigo, Kolyo tsohon direban bas zai yi haushi ƙasa-ƙasa, sauran su ƙyalƙyale. Ƙanwar Ogi in aka tambaye ta aikin yayanta sai ta ce wanzami ne, ta yi sauri ta sauya magana. Har matan da ke kawo masa karnukan, suna fita za ka ji suna cewa abin tausayi, mutum mai sana'ar gado ya ƙare a wanke gindin kare. Ku ji min mutane, ku kai masa aiki da hannunku sannan ku raina shi don ya yi. Ogi dai sai ya ɗaga kafaɗa ya raba karta.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ne Delcho.

Delcho amininsa ne tun ajin farko, abokin wasansa a karta, kuma shi ke buɗe kujerar nan duk Asabar tun suna samari. Ogi ne ya aske shi safiyar aurensa. Ranar wata Asabar Delcho ya zauna, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai ya tsinci wani dogon farin gashi a kan gwiwarsa. Ya ɗaga shi zuwa haske.

"Wannan na waye?"

"Na Zlatka ne. Na karenta, nake nufi."

"Wato da ni da shi ƙyalle ɗaya?"

"Haba Delcho, ƙyallen mutane daban, iska ce ta kawo shi."

Delcho ya miƙe da kumfa a rabin fuska, ya goge da hannun rigarsa. "Mahaifinka ya aske magajin gari, kai kana aske abin da ke lasar ƙasa. Askarka ba ta ƙara taɓa fuskata." Ya fita, a karta ma ya koma gefen Kolyo.

Abin ya yi wa Ogi ciwo ƙwarai, ba ya ɓoyewa. Sauran tsofaffin suka bi sahun Delcho, kujerar ta koma lungu aka riƙa jibga tawul a kanta. Amma duk safiyar Asabar sai Ogi ya kwashe tawul ɗin, ya wasa aska a fata, ya bar kujera a buɗe har tsakar rana. Delcho kuwa ya riƙa aske kansa da reza, yana zuwa gidan kofi da guntayen takarda manne a haɓa inda ya yanke. Ogi na gani yana cije leɓe.

Ga inda abin dariyar yake. Radka matar Delcho tana da ɗan kare mai suna Pufi, wanda ɗansu ya bar mata. Duk wata, in Delcho ya tafi kamun kifi, sai ta zagayo ta ƙofar baya da Pufi a cikin jakar kasuwa, da tulun miyar barkono na tukuici.

"Ogi, kada ka yi masa kyau da yawa, kada tsohon ya gane."

Ogi sai ya bar kunne ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo da gangan, abin na sukar zuciyarsa. Da yamma Delcho zai zo gidan kofi da Pufi fes, yana cika baki.

"Kun gani? Radka ce da almakashin ɗinki. Kare ba ya buƙatar wanzami, sai kare mai uwar gida malalaciya."

Kowa a teburin ya san gaskiya, har Kolyo da bakinsa ba ya riƙe komai, amma babu wanda ya tanka. Aka yi shekaru a haka.

Radka ta rasu a ƙarshen kaka, tana cikin shanya wanki. Aka manna hotonta a ƙofar gida da jikin bishiyar dandali, kamar yadda ake sanar da rasuwa a garinmu. Ogi ya je jana'iza, ya miƙa hannu, Delcho ya karɓa bai ɗago ba. Kamar kowane namiji mai makoki ya ajiye reza sai an yi arba'in. Gemu ya fito masa fari, a hargitse. Pufi ma babu mai zagayawa da shi ƙofar baya, gashi ya rufe masa ido, su biyun suna wucewa ta dandali kowa ya tsufa lokaci guda. Ogi na hango su ta taga yana jin tausayi.

Aka yi arba'in, aka je kabari, aka raba dafaffiyar alkama sadaka. Asabar ɗin da ta biyo, Ogi ya kwashe tawul kamar kullum, yana cikin wasa aska sai ya ji ana karce ƙofar baya. Ya buɗe. Pufi ne, ya ja igiya har ta miƙe, a ƙarshen igiyar ga Delcho yana haki.

"Burodi na fito saya," in ji Delcho. "Wannan mahaukacin ne ya jawo ni ta lungun nan. Ban san abin da..."

Pufi ya fizge, ya wuce cikin shago, ya taka akwati ya haye teburin ƙarfe, ya zauna, ya miƙa ƙafar gaba a yanke masa farce. Ko Zlatka ba ta san shagon nan kamarsa ba.

Delcho ya daɗe yana kallon karen.

"Tun yaushe?"

"Tun yana ɗan kwikwiyo."

"Kunnen nan da kullum yake a karkace fa?"

"Ita ta ce in bar shi haka, don ka samu abin alfahari da ita."

Delcho ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita daidai ba, ya sa bayan hannu ya share ido. Ya waiwaya ya ga jar kujera a buɗe, ba ƙura ba tawul, aska na ajiye a gefenta. Bai tambayi dalili ba. Ya cire hula, ya rataye ta a ƙusar da ya saba, ya zauna, kujerar ta yi ƙarar da ta saba yi.

"Radka ta tsani gemu," ya ce. "Ka wanke hannunka dai tukuna."

Ogi ya juya baya don kada a ga fuskarsa, ya ɗauko ƙyallen mutane ya ɗaura masa a wuya. Sannan ya ɗauki almakashi ya nufi teburin ƙarfe.

"Ina kuma za ka?"

"Ka yi haƙuri, Delcho, akwai wani a gabanka. Shi bai taɓa fashi ba."

Delcho ya gyara zama ya jira.