Ɗakin da Muka Gina a Gidan Kawu

Shekara biyu da aurenmu muna ɗaki guda a unguwar Miskin, cikin birnin Bangi, ni da mijina da buhunan gyaɗar mai gidan. Shi yana lodin kaya a bakin kogi, ni ina toya ƙosai a bakin kasuwa. Babu malalaci a cikinmu, amma haya ce ke cinye mu. Lokacin nan Nasara na nan, mutane na kwararowa yankinmu na Kilomita Biyar daga ko'ina, duk ramin da ke da ƙyaure an sa masa kuɗi.

Sai kawun mijina, mai sayar da atamfa, ya kira mu. Bayan gidansa akwai fili inda awaki ke kwana.

"Ku yi ɗaki can ku zauna," in ji shi. "Ɗan ƙanwata ba zai yi ta ciyar da bare ba ina raye."

Aka raba goro, liman ya shafa fatiha. Takarda? Wa zai dubi kawu ya ce a ba shi takarda? Ko an rubuta ma ba zan iya karantawa ba, sai da na yi jika na shiga ajin manya.

Rani guda muka yi muna buga tubali. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke taka ƙasa, da cikina wata biyar. Mijina na tasowa daga aiki sai ya hau gini. Na sayar da tasoshin aurena muka sayi tsohon kwano da ƙyauren katako. Na yi daɓe, na shafe bango da farar ƙasa.

Kwana tara muka yi a ciki. Ran na goma da hantsi Kawu ya shigo da wani akawu, ɗan gari, mai farar riga. Akawun ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi kwano, ya ce da yaren Sango ɗaki ya yi masa.

"Kawu, lafiya?" na ce.

"Lafiya lau, 'yata. Wannan bawan Allah zai kama haya. Amma in za ku iya biyan abin da ya taya, ai ku ne a gaba."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi. Na dubi bakinsa, ina jira ya yi dariya. Bai yi ba.

"Haya? A ɗakin da na taka ƙasarsa da ƙafata?"

"Ƙasar wa kika taka?"

Na juya wajen mijina. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Kawu ne fa."

"Kawunka dai!"

Na ɗauki mayafi sai gidan mai unguwa. Ya saurare ni har na gama, ko mamaki bai yi ba, wannan ne ya ƙara kashe mini jiki. Ashe ba mu ne farau ba. Ya ce al'adar unguwa, duk abin da ya manne da ƙasa na mai fili ne, abin da za a iya cirewa kuwa na wanda ya saya.

"Baba, maimaita na biyun," na ce. Ya maimaita.

Washegari na ari tsani da guduma, na hau da cikina wata bakwai, na fara zare ƙusa. Matan gida suka fito suna salati. Kawu ya fito ko hula babu.

"Ke, kina da hankali? Damina ta kusa!"

"Bangonka ne, Kawu, ka rufe abinka."

Falle na uku nake cirewa na ga hannu ya miƙo daga ƙasa. Mijina ne. Ya karɓa ya jingine, ya sake miƙo hannu.

A ka muka kwashe kwanon da ƙyauren zuwa unguwar Kokoro, inda wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta bar mu muka kafa rumfa a bayan ɗakinta. Nan na haihu, kaina kusa da murhu, ƙafata a bakin ƙofa.

Kawu ya ce akawu ya sayi kwano, akawu ya ce ai aikin mai gida ne. Suna cikin wannan ja-in-ja ruwa ya sauka, irin ruwan Bangi da ba ya sallama.

Bayan arba'in na goya jaririya na je na gani. Na zaci zan yi guɗa. Bango uku sun zube, na huɗu ya rage iya gwiwa, jar ƙasa na bin kwata zuwa titi. Na daɗe a tsaye. Kowane tubali da ke narkewa a wurin, ni na ɗebo ruwansa.