Hular Yaya Sunusi da Haruffa Huɗu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sunusi a hanyar Lusail, kusa da Doha, amma har yau in na ga matashi da hular nan mai baki da haruffa biyu a goshi, sai na waiwaya na sake dubansa.

Direba ne. Hular a kasuwar Souq Waqif ya saye ta, kuma ko wanka zai shiga sai an yi da gaske yake cire ta. Na taɓa gaya masa haruffan farkon sunan wani birni ne a Amurka, tambarin masu wasan besbol, ƙwallon da ake bugawa da sanda. Ya ce shi da bai san yadda ake riƙe sandar ba, ina ruwansa, rana dai take tare masa.

Ranar da motarsu ta kama wuta su biyu ne a ciki, shi da yaron aikinsa ɗan Nepal. Dukansu suka ƙone, fuska ba ta ganuwa. A kan ɗaya daga cikinsu aka sami guntun hular. Dattawanmu na nan Doha suka tasa ni gaba, suka ce khalas, magana ta ƙare, ga shaida, in je in ce na gane ɗan'uwana a yi masa sutura, gawa ba ta jira. Inna kuma daga Funtuwa waya kan waya, tambaya ɗaya take yi: an rufe shi?

Rifkatu ce ta tare ni, 'yar Zonkwa da ke aikin gwajin jini, wadda Sunusi kan kai wurin aiki. Ta ce, "Ƙanena, haruffan hula mutum dubu ke sawa. Na jini kuwa ba a aro." Ta bayyana mini cewa halittar kowa a rubuce take da haruffa huɗu, A da T da G da C, farkon sunayen sinadarai huɗu, kuma jerin nawa zai yi kama da na wanda muka fito ciki ɗaya. Na ba da jini, na koma ina jira.

Jiran nan ban taɓa ɗanɗana irinsa ba. Wani dattijo ya daina amsa gaisuwata, yana cewa na bar ɗan'uwana a firji saboda maganar boko. Ni ma ina tsoron ko shi ke da gaskiya. Amma an ce gaggawa aikin shaiɗan.

Sakamako ya fito. Mai hular ba Sunusi ba ne. Abokan aikinsu suka ce da safen nan ya cire ta ya ɗora wa yaron, don rana na damunsa. Da na bi hula, da mun sallaci baƙo, yayana kuma an sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ba mai yi masa salla, wata uwar a can ta yi kuka a kan ɗan da ba nata ba.

Yanzu ina jin matasa na aika yawu a kwalba don a gaya musu asalinsu. Da Sunusi na nan, dariya zai yi ya ce su tambayi kakarsu. Ni dai ba na dariyar, na san abin da haruffan nan suka yi mini.

Hali zanen dutse. Jini ya nuna mana gawarsa, amma da mun tsaya mun tuna mutumin da muke nema, da mun san Sunusi ba zai zauna da hula a ka ba alhali na kusa da shi na ƙonewa a rana. Allah Ya jiƙanka, Yaya.