Motokin Albasa a Tashar Bawku

Yayana ya rasu ina cikin garin Bawku, tsakanina da shimfiɗarsa ba nisa. Ban same shi da rai ba, kuma laifina ne.

Shekara ashirin da wani abu ba mu yi magana ba. Ranar da na bar gida ya ce a gaban mutane ba zan taɓa zama mutum ba. Na ɗauki jakata na tafi. Na yi dako, na yi gadi, na kwana a ƙarƙashin mota. Ƙarshe na zauna a Salaga ina loda doya. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ƙarfina nake ci.

Wata Talata matarsa ta kira ni a waya. Ban san inda ta samo lambata ba.

"Yayanka na kwance. Sunanka yake kira. In za ka zo, ka zo yanzu."

Na ce, "To, Yaya."

Kafin in nufi tasha sai da na biya wajen tela na karɓi farar rigar da na ɗinka don Sallah. Na naɗe ta a leda. Na shiga motar Yendi. Ruwan damina ya ɓata hanya, sau biyu muka sauka muka tura. A Yendi na kwana, don motar arewa ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta cika ba sai da safe. Muka bi ta Gambaga, muka gangara wani dogon dutse, kowa na salati. Bayan azahar muka shiga Bawku.

A hanya ta sake kira. Ta ce, "Garin ba yadda ka bar shi yake ba, rikici ya raba shi biyu. Kada ka hau komai. Ka tsaya a tasha, babbar 'yarsa za ta zo ta ɗauke ka."

Da na sauka na zaga bayan masallacin tasha, na wanke ƙafa, na sa farar rigar da hula. So nake yayana ya buɗe ido ya gan ni haka.

Ina fitowa na hango 'yar tasa. Ban taɓa ganinta da girma ba, amma fuskar ubanta ce sak. Mace ce babba, tana sayar da albasa. Ita ke tuƙa motokin, keken nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. A cikin akwatin akwai buhu biyu, ɓawon albasa da laka. Ta shimfiɗa kwali inda zan zauna. Tana bin maza masu saukowa tana tambaya, "Kai ne na Salaga?"

Na dubi kwalin, na dubi rigata. Na ga kaina a tsugune a bayan mace kamar akuyar kasuwa, ana shiga da ni unguwar da aka haife ni. Sai na koma bayan wata motar shanu na tsaya. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na danne ta. Da ta juya baya na fita ta ɗaya ƙofar na tare yalo-yalo, keken da ke ɗaukar fasinja.

Na faɗa wa direban unguwarmu. Ya ce in hau. Mun ɗan yi tafiya sai ya tsaya a wata mararraba ya kashe inji.

"Alhaji, nan ne iyakata. Ka tsallaka, ka hau na can."

"Iyakar me? Unguwar na gaba."

"Mu na nan ba ma shiga can, su ma ba sa zuwa nan. Kowa ya san haka."

"Ni za ka gaya wa garin nan? A nan aka yanke mini cibiya."

Ya yi dariya. "To cibiyar ta daɗe da bushewa, Alhaji. Sauka."

Na ƙi sauka. Na zauna ina zage-zage, mutane suka taru suna kallon farar riga. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce, "Bawan Allah, yana da 'ya'ya. Kada ka sa a kashe shi a banza." Sannan na sauka. Na tsallaka, ban sami keke ba, na kama tafiya da ƙafa. Bishiyar da nake gane kwanar gidanmu da ita an sare ta, an gina shaguna. Ban tambayi kowa ba. Na yi ta zagaye har aka kira la'asar.

Kukan mata ne ya nuna mini gidan.

Matarsa na zaune a ƙofar ɗaki. Ta ce, "Yanzun nan. Ko ruwan da na ba shi bai bushe a bakinsa ba." Ta leƙa bayana. "Ina 'yar?"

Can sai ga ƙarar motokin. 'Yar ta shigo da gudu tana cewa, "Inna, na duba ko'ina ban..." Sai ta ga an rufe shi da zane.

Wata uku tana jinyarsa, ita ke juya shi, ita ke ba shi koko. Ba ta taɓa barin gefensa ba sai ranar, don ta ɗauko ni.

Bayan an dawo daga maƙabarta ta kawo mini ruwa, ta durƙusa. A hankali ta ce, "Baba ƙarami, kai ne mai farar riga a bayan motar shanu. Na gan ka. Na ce ba kai ba ne, don namu ba zai ɓuya mini ba."

Ba ta gaya wa uwarta ba. Na yi kwana uku, ta yi mini tuwo kullum. Ranar tafiya ta ce za ta kai ni tasha, na hau bayan motokin na zauna.

Yanzu ina Salaga, a kasuwar doya, ina loda mota kamar da. Tana kirana duk Juma'a ta gaishe ni. Ina ɗauka, in ce lafiya lau, in yi shiru har ta kashe.