Manu da Fijon Surukinsa

Manu bai taɓa gudun kura ba, amma na gan shi da idona yana makyarkyata a gaban gwangwani. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan Alhaji Abdulsalami a Birnin Kudu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Manu mutumin Farin Dutse ne, can ƙasar Gwaram, a bayan shanu ya tashi. Babban farin nan ya cinye masa garke kaf, ya bar shi da sanda da mata da 'ya'ya biyu. Alhaji, uban matarsa Zahara'u, ya aika aka kwaso su, ya ba su ɗaki. Namiji a gidan suruki yana cin tuwonsa, kowa ya san zaman ƙaya ne. Ga kunya irin ta makiyaya: Manu ba ya haɗa ido da Alhaji, ba ya kama sunansa, da ya ji takunsa a zaure sai ya durƙusa. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta bakin Zahara'u take bi. Tsoronsa ɗaya ne, kada wata rana a ce ya koma inda ya fito, a riƙe matar da yaran tunda ba shi da abin ciyar da su.

Da kuɗin man fetur suka fara zuba, kowa ya zama ɗan kwangila, Alhaji ya sayo baƙar fijo daga Kano. Wata safiya ya wuce kasuwa a ƙasa, Zahara'u ta fito da gwangwani da tsumma, ta miƙa wa Manu.

"Malam, Baba ya ce a shafa wa motar wannan man a goge. Gobe za shi Gwaram ɗaurin aure."

"Yaya ake shafawa?"

"Ni ina na sani? Da ka tambaye shi."

Wasa take yi masa. Manu ya gwammace ya faɗa rijiya da ya yi wa surukinsa tambaya.

To, mutum ne da ba ya ha'inci a aiki. Ya lakato man da hannu ya dinga yaɓa wa motar kamar mai yaɓen rumbu, tun daga gaba har baya, sai da ya ga ƙarshen gwangwani. Ga ranar bazara tana dukan ƙarfe. Kafin azahar man ya bushe ƙamas, baƙar fijo ta koma fara fat.

Ya kwara mata ruwa, ruwan ya zame ya bar farin yadda yake. Ya ƙara, haka. Ya tsallako wurina.

"Malam tela, ka taɓa ganin mota ta yi haka?"

Na ce masa ni allura na sani. Gaskiya ni ma na ji masa tsoro, don na san abin da ke kansa.

Ya koma ya zaro 'yar wuƙarsa, wai ya kankare kaɗan ya ga ko baƙin yana nan a ƙasa. Sai wuƙa ta zarce. Har shago na jiyo ƙarar. Ta ja layi a murfin inji, tsawon yatsa, har ƙarfe ya leƙo.

Manu ya yi salati. Ya sulale ya zauna, ya jingina da ƙofar motar. Nan ya zauna yana zufa yana mutsu-mutsu, duk wanda ya ɓullo kan layi sai ya zabura ya ɗauka Alhaji ne. Da ya miƙe zai tafi sallar la'asar, sai ga inda bayansa ya gurza ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Ashe gogewa kawai abin yake so, da busasshen ƙyalle.

Yana idar da salla ya tuɓe riga ya kama guga, Zahara'u ta miƙo masa tsohon zane. Sai da hannuwansa suka sage, motar ta fito kamar yau aka sauke ta. Sai dai sheƙin nan shi ya tona asirin layin wuƙa, ko daga bakin titi ana hango shi.

"Ki faɗa masa ni ne," in ji Manu. "Ki ɗaure mini kayana kuma."

Zahara'u ba ta kai ga amsawa ba sai ga Alhaji. Manu ya zube a ƙasa, kai a sunkuye. Ta faɗi abin da ya faru da murya ƙasa-ƙasa. Alhaji ya zagaya motar a hankali, ya ɗaga gwangwanin ya leƙa cikinsa, ya ajiye. Ya zo kan layin ya bi shi da yatsa. Ni kaina na tsayar da keken ɗinki.

Sannan ya dubi 'yarsa.

"Ki gaya masa, wani satin ya bari sai ta shiga inuwa. Kuma kaɗan ake sawa."

Ya shige gida. Zahara'u ta juyo ta maimaita wa mijinta saƙon, kamar ba a gabansa aka faɗa ba. Manu bai ɗago kai ba.

"Wani satin ya ce?"

"Wani satin."

"Sake faɗa mini," in ji shi.