Mikiron Jitar Kawu

Ni mai gyaran rediyo da ampili, wato na'urar ƙara sauti, ne a Garoua, kuma in dai a kan aikina ne, ba na son a koya mini. Wannan halin ne ya ja mini abin da har yau nake jin kunyarsa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, mahauci ne. Ƙarfinsa ya ƙare a mayanka, amma a ƙuruciyarsa ya yi kiɗan jita a bukukuwa, har dangi suka daɗe ba sa son a ta da zancen. Jitar tana nan, ja ce, mai aiki da lantarki, fentinta ya goge daidai inda hannunsa ke kwanciya. Da aka sa ranar auren autarsa, yarinyar ta ce abu ɗaya take so, babanta ya kaɗa mata ranar kamu. Sai ga shi da hantsi a shagona na unguwar Poumpoumré, rungume da jitar cikin zane.

"Ɗana, ƙugi take yi kamar zuma ta shiga cikinta," in ji shi. "Ƙugin kawai za ka cire. Muryarta ka bar mata."

Na ce, "Haba Kawu, je ka huta. Wannan ai kafin shayi ya huce na gama."

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai wani ɗan abu mai tsawon yatsa, mu nan mikiro muke ce masa. Mayen ƙarfe ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa ampili. Muryar jita daga nan take fitowa. A lokacin na kwashe watanni ina kallon bidiyoyi a waya kan yadda ake gane mikiron zamanin da, kaina ya kumbura. Na haddace alamomin tsaf: wayarsa sanye da rigar zare, gindinsa baƙin kwali mai tauri, ƙusoshinsa shida wani ya fi wani tsawo, jikinsa jiƙe da kakin zuma.

Da na kwance na Kawu sai na yi tsaki. Naɗin a karkace, gefe ɗaya ya fi kauri. An ɗaure shi da baƙin zare irin na kitso, an ɗiga masa kyandir. Na ɗora mita, lambar ba ta yi kusa da abin da na haddace ba. Na ce wayyo, wani ɓarawo ya taɓa cutar tsohon nan, ya zare na asali ya maƙala masa tarkace. Har tausayinsa na ji, wai ni mai ilimi.

Na je wurin wani Alhaji mai kawo kayan kiɗa daga Douala. Ya baje mini guda uku, duk sababbi ne da aka yi su da kamannin na da. Na juya su, na shinshina kakin, na gwada ƙarfin mayen da bakin sukundireba. Na zaɓi mai rigar zare, wanda har tsatsar ƙarya aka yi masa tun daga masana'anta. Na dawo na liƙa shi, tsohon mikiron kuwa na wurga shi cikin bokitin ƙonannun wayoyi.

Na kunna ampili. Ƙugi yana nan daram! Sai a sannan na duba ramin da ake soka igiyar ampili, na ga wata 'yar waya ta ɓalle. Ɗigon dalma ɗaya, ƙugi ya ɗauke. Ashe lafiyar tsohon mikiron ƙalau.

Nan ne wurin da ya fi ci mini rai. Bokitin yana gefen ƙafata. Da na sunkuya na ɗauko, da shi ke nan. Amma na kalli sabon yana sheƙi, na ce ai alheri na yi wa Kawu, zai gode mini. Washegari mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da kurarsa, na juye masa bokitin da hannuna.

Kawu ya zo bayan la'asar. Ya zauna a benci, ya daidaita tsirkiya, ya kaɗa kaɗan. Sauti tas, mai kaifi. Ya sake kaɗawa, ya tsaya, ya leƙa ƙarƙashin tsirkiyoyin.

"Ina nata?"

Na shiga zuba bayani, har da Faransanci. Na ce wancan jabu ne, naɗin hannu ne, wani maras imani ne ya yi masa aika-aika.

"Naɗin hannu ne, gaskiyarka," in ji shi. "Hannun matata ne."

Ya ce suna da ƙuruciya aka gayyace shi kiɗan biki a garin Maga, mikiro ya mutu ana saura kwana biyu. Ya warware wayar wata tsohuwar rediyo, amma yatsun mahauci ba sa riƙe abu mai sirantar gashi, sai tsinkewa take yi. Matarsa, mai kitso ce, ta karɓa ta zauna a inuwa tana naɗawa yana juya mata, yini guda cur. Ita ce mahaifiyar amaryar, ta rasu yarinyar tana goye.

"Shi ya sa yarinyar ta ce in kaɗa," in ji Kawu. "Na taɓa gaya mata."

Na hau mashin ko shago ban rufe ba. Na tarar da mai ƙarafa a bayan kasuwa ya riga ya cinna wa wayoyin wuta don ya fitar da jan ƙarfen. Na tona tokar da sanda har hannuna ya yi baƙi. Ban samu komai ba.

Ranar kamu ya kaɗa, mata suka yi ta guɗa, amarya tana kuka tana murmushi. Bai gaya mata an canja mikiron ba, ni ma ban iya ba. Da aka watse sai ya naɗe jitar cikin zanenta ya miƙo mini. Na ce, "Kawu, don Allah ka yafe mini."

"Na yafe, ɗana," in ji shi. "Amma tafi da ita. Wannan ban san ta ba."