Karen da Ya Hana Veronica Zuwa Jego

Ni fa ba na son kare, gara in faɗa tun da wuri. Sunana Morufat, 'yan layinmu na ce mini Iya Quadri. A Fagge aka haife ni, aure ya tsallako da ni Sabon Gari, gidan haya ɗaya da Veronica, ƙofarta na kallon tawa. Da wata ce take riƙe da dabbar nan, wallahi da tuni mun raba gari.

Ita ma haihuwar Kano ce. Mahaifinta ya zo daga ƙasar Ibo aikin jirgin ƙasa, a nan ya tsufa. Hausar bakinta ta fi tawa gishiri. Tana da rumfa a kasuwar Sabon Gari, manja da agushi da busasshen kifi, kuma in tana dariya har layin 'yan tumatir ana ji. Mijinta Chukwuma mai sayar da kayan janareto ne, shi ya kawo ɗan kwikwiyo ya sa masa suna Kaftin. 'Yarsu ɗaya tak, Adaugo, tana aure a Aba.

Wata safiya Chukwuma ya tafi asibiti da ƙafarsa, bai dawo ba, a can ya rasu. Tun daga nan kan karen ya juye. Da Veronica ta ɓace masa da gani sai haushi da kururuwa, ya yi ta kartar ƙofa har faratansa su yi jini. Ya yaga katifa, ya cinye gefen kujera. Ran nan ya cafki wandon ɗan garuwa, tun daga ranar masu ruwa suka daina shigo mana, sai su ajiye jarkoki a bakin titi mu yi ta ja da kanmu. Butata kuwa sau nawa na kama shi yana lasa? In tsaya in wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, sallah na wuce ni. Ina dalili!

Veronica ta fara rage zuwa kasuwa, daga baya ta bar wa maƙwabciyar rumfarta ta riƙa sayar mata. Coci ma ta daina zuwa. Ko banɗaki za ta shiga sai ta bar ƙofa a buɗe tana yi masa magana. Ta rame, idanunta suka faɗa, abu kaɗan sai ta zabura. Ta kai shi wajen likitan dabbobi, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a riƙa koya masa zama shi kaɗai a hankali, abin zai ɗauki watanni.

To watannin ne babu. Adaugo na da tsohon ciki, na fari. A al'adarsu in 'ya ta haihu uwarta ce ke zuwa ta zauna mata, ta yi wa jariri wankan farko, ta gasa wa mai jego jiki da ruwan zafi, ta dafa mata farfesu mai yaji. Omugwo suke ce masa. Uwa na da rai ba ta je ba, abin magana ne har jikan ya girma. Veronica ta sayi atamfa, ta ƙulle kifi da kayan yaji a jaka, jakar na bayan ƙofa tana jira. Manyan motocin kudu kuwa sun ce ba sa ɗaukar kare mai cizo.

Ina da abin awon hawan jini, ɗana Quadri ya saya mini don ni ma ina fama. Ranar da na ga ta dafe bango tana jiri na ce, "Maman Adaugo, kawo hannunki." Da lambar ta fito sai na ga ta haura wadda ta sa aka taɓa ba ni gado a asibiti. Na ja ta wajen likita, Kaftin na ihu a bayanmu kamar ana yanka shi. Aka ba ta magani, aka ce ta huta. Hutu a ina? Kullum da safe sai in auna ta, abin ba ya sauka. Tsoro ya kama ni sosai, kada in wayi gari in tarar da ita a ƙasa.

"Karen nan zai kashe ki," na ce mata. "Ki zaɓa, ko shi ko 'yarki."

"Iya Quadri, shi kaɗai ne a gidan nan yake jiran baban Adaugo har yanzu," in ji ta.

Wani mai gidan giya ya zo taya shi, wai a yi farfesu, ta kore shi da tsintsiya. Ni kuma na yi cigiya a kasuwar Singa inda nake sarin kaya, aka haɗa ni da Malam Tanimu, mafarauci daga wajen Gezawa, mai karnuka da yawa. Ya ce zai riƙe shi har ta dawo. Da ƙyar na shawo kanta. Aka ɗaure bakin Kaftin aka saka shi a adaidaita, gida ya yi tsit, na yi hamdala.

Washegari na ɗauko abin awo ina murna, na ce yau za mu ga sauƙi. Tabɗi! Lambar ta fi ta kullum. Na ce ko batir ne, na canza, na sake. Haka dai. Ashe ba ta runtsa ba, tunaninta ko ya ci abinci, ko sauran karnukan sun taru a kansa. Ta je tasha yankar tikiti ta dawo ba ta yanka ba, wai bari ta ji labarinsa tukuna. Na ce mata sabo turken wawa, daga baya ni kaina na ji ba daɗi.

Ba a rufa mako ba sai ga Malam Tanimu da shi, haƙarƙari a waje, wuya duk ya saɓule wajen fizgar igiya. Ya ce, "Hajiya, ku karɓi abinku kada ya mutu a hannuna. Ko ruwa ba ya sha. Wannan maraya ne, ba na daji ba ne." Veronica ta zauna a ƙasa daɓas ta rungume shi. Haushi ya cika ni, na shige ɗaki don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Tana cikin lallaɓa shi ya fara cin abinci, tana cewa gobe, jibi, in ya ɗan murmure za ta san dabara, wani hantsi wayarta ta yi ƙara. Muna tsakar gida ina shanya. Adaugo ce da kanta, ta sauka lafiya, namiji. Veronica ta yi tsalle ta saki guɗa irin tasu, Kaftin ya firgita ya ɓarke da haushi.

"Sa mini shi in ji kukansa!" take cewa. "Me? Ba na ji!"

Ta toshe kunne ɗaya, ba ta ji. Ta fita ƙofar gida, haushin ya koma kururuwa don ya daina ganin ta. Ta ƙara gaba, na bi ta da mayafi a hannu. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta, tana ta tafiya, ta wuce mai shayi, ta wuce masu faci, sai da ta kai bakin babban titi sannan ta tsaya. Na ga fuskarta ta buɗe, ta ji kukan jaririn. Sai kuma fara'ar ta ɗauke, tana ta sauraren Adaugo.

"To," ta ce a ƙarshe. "Ki gaishe ta. Ki ce na gode."

Ta sauke wayar. Na ce, "Lafiya? Me ta ce?"

"Uwar mijinta ta riga ta yi masa wanka," in ji Veronica. "Ta ce in yi zamana, kada in wahalar da kaina."